Tarihin Hadari da Ambaliya a Ƙasar Yekuwa, Magariya da Dungas

A ƙasar Yekuwa da sauran garuruwan gundumomin Magariya da Dungas, can kudancin jihar Damagaram ta Nijar, kusan dukan ruwan shekara yakan zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. A shekara mai kyau yankin kan samu milimita 500 zuwa 600, abin da ya ɗara na birnin Damagaram da ke arewa da shi. Wannan ne ya sa ake lissafa shi cikin wuraren da suka fi noma da yawan jama'a a ƙasar. Amma ruwan nan ba da lalama yake zuwa ba. Mafi yawansa hadari ne ke kawo shi, da iska da ƙura a gaba, tsawa na biye, a zubar da ruwan mako biyu cikin sa'a guda. Saboda haka zaman mutane a nan, tun daga inda suke kafa gari har zuwa yadda suke rufe ɗaki, ya ginu ne a tsakanin ɗokin ruwa da tsoron ɓarnarsa.

Ƙasar jigawa ce mai rairayi, tuddai marasa tsayi da kwaruruwa a tsakaninsu. Babu babban gulbi mai gudu duk shekara. Abin da ke akwai shi ne Korama, tsohuwar hanyar ruwa mai rassa, wadda ta ratso ƙasar Kance da ta Magariya ta nufi gabas, wajen kwarin tafkin Cadi. A cikin kwarinta ruwan ƙasa kusa yake, har a wasu wurare ba a yin nisa da haƙa sai a tarar da shi, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu ke yi a can ko da rani. Ambaliyar wannan yanki ta bambanta da ta Yamai, inda babban kogi ke cika ya fasa gaɓa. A nan tabki ne ke cika ya tumbatsa, kwari ya koma tafki na makonni, ko kuma ruwan ƙasa ya taso a hankali ya jiƙa gindin katanga har ta zauna.

Zuwan hadari yana da tsarin da kowane manomi ya sani. Yini kan fara da zufa mai nauyi, iska ta ɗauke ɗif. Da la'asar ko bayan magariba sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, a ƙasanta kuma a hango ja-ja-jan ƙura ta miƙe kamar ganuwa tana tahowa. A wannan ɗan tsakani gari kan rikice da aiki: mata na kwashe shanya suna shigar da itace da garwashi ɗaki, yara na koro awaki daga bakin gari, maigida na ɗora dutse a kan murfin rumbu yana ƙara ɗaure zanar da ta saki. Iskar farko mai zafi ce, cike da yashi, ita ce ke yaye jinka da karya reshe. Bayanta sai wata mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan manyan ɗigo, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a ko sa'a ɗaya. Idan ƙarfinsa ya wuce yakan bar yayyafi na tsawon sa'o'i, cida na gurnani can yamma. Wani lokaci kuma iskar da ƙurar kawai ake sha, ko ɗigo babu. Wannan shi ne holoƙo, kuma a farkon damina ya fi kowane abu cutar manomi, domin yashin da yake kwasowa yana yanke ƙaramar shuka ko ya binne ta. Ruwan da ya fi rushe gidaje kuwa ba lalle ne ya zo da hayaniya ba. Na malka ne, a watan Agusta, lokacin da mamako kan kwana ya wuni, gini ya sha har ya ƙoshi, rana ba ta fito ta busar da shi ba.

Masana yanayi sun bayyana dalilin da ya sa hadarin nan kullum daga gabas yake ɓullowa, alhali iskar damina daga kudu maso yamma take kaɗowa. Iskar damina tana ɗauko laima daga Tekun Gini ta shimfiɗa ta a ƙasa-ƙasa. A samanta, kimanin kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin kudu ke haifarwa. Gizagizai kan taru su zama layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wannan iska ta sama ta tura su yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a sa'a ko fiye. Irin waɗannan manyan hadura, duk da ba su da yawa a shekara, su ke ba ƙasashen Sahel mafi yawan ruwansu. A cikin iskar ta sama kuma akwai wani lanƙwaso mai kama da igiyar ruwa, da ke wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar, wanda ke taimaka wa hadari haɗuwa.

Wannan igiyar iska ce ta haɗa ƙasar Magariya da tsibiran da mutanenta ba su taɓa gani ba. Takan taso daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi da Nijar da Mali, ta faɗa Tekun Atilantika ta gaɓar Senegal. A kan tudu ba ta iya zama guguwar teku, domin wannan sai da ruwa mai ɗumi a ƙarƙashi, wanda zafinsa ya kai daraja 26 ko fiye. Idan ta samu haka sai ta fara juyawa tana ƙara ƙarfi. Kusan igiyoyi 60 ke fita daga Afirka ta Yamma kowace shekara, kaɗan ne ke girma, amma daga cikinsu ake samun mafi yawan manyan guguwoyin Atilantika. A ranar 31 ga Agusta 2015 guguwar da aka raɗa wa suna Fred ta ratsa tsibiran Kabo Berde, karo na farko da mai irin wannan ƙarfi ta bi ta kansu tun 1892. Irma, wadda ta ragargaza tsibirin Barbuda a yankin Karibiyan ranar 6 ga Satumba 2017 har aka kwashe dukan mazaunansa, ita ma daga igiyar da ta bar gaɓar Afirka a ƙarshen Agusta ta samo asali. Watan malkar Hausawa da lokacin da mutanen waɗancan tsibirai ke zaman ɗar-ɗar lokaci guda ne, kuma tushensu ɗaya.

Garuruwan yankin tsofaffi ne, tarihinsu kuma a ɗaure yake da na Daura. Bayan da jihadi ya ci birnin Daura wajen 1805, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, ya yi ta sauya mazauni, daga bisani ya zauna a Yekuwa. Daga zuriyar gidan ne sarautun Zango da Baure suka fito. Cikin ƙarni na 19 ƙasar ta koma ƙarƙashin ikon Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Zamani ne na hare-hare, mutane na cure wuri guda a bayan kafi ko ganuwa. Wajen zaɓen mazauni kuwa ƙa'idar a fili take ga duk wanda ya dubi tsofaffin garuruwa: gari a kan tudu, rijiya da fadama a gangare, kusa yadda za a ɗebo ruwa amma ba kusa yadda ruwa zai iso gida ba. Ƙasar gini kuma daga gefen gari ake haƙo ta, ramin da ya rage ya zama kududdufi. Ko da ba da niyya aka fara shi ba, kududdufi ya zama garkuwar gari daga ruwa: duk abin da ya gangaro daga lunguna can yake taruwa, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa da shi bayan kaka.

Mafi yawan talakawa a wancan lokaci ɗakin ciyawa suke kwana, kago mai zagayen ƙasa ko na kara, da jinka mai tsini. Iska na iya yaye shi, gobara na iya lashe shi, amma ruwa ba ya kwana a kansa, kuma idan ya faɗi ba kasafai yake kisa ba. Soro da shigifa na sarakuna ne da malamai da attajirai, kuma su ne suka buƙaci gwanintar magina. Ana ɗora tubali a kan tushe mai kauri, katanga na sirancewa tana yin sama, a jera azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata rufin kaɗan zuwa wajen indararo. Indararon kansa dole ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A kan wannan duka sai yaɓe. Masu hali kan sa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima, domin ruwa ya zame maimakon ya shiga.

Asirin ginin ƙasa ba ya cikin ƙarfinsa; yana cikin kulawar shekara-shekara. Da bazara, kafin ruwan shuka, magidanci kan hau soro ya bi kowace tsaga da hannu, ya cire ciyawar da ta tsiro, ya toshe ramin ɓera, ya sake yaɓe inda ya zaizaye, ya buɗe bakin indararo, sannan ya sauko ya tara ƙasa a gindin katanga ya gyara rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida. Masu ɗakin ciyawa kuma lokacin baibaya ke nan. Aiki ne na kwana biyu ko uku, sau da yawa da gayyar 'yan'uwa da maƙwabta, kuma gidan da aka yi wa shi kan ga jikoki. Wanda aka tsallake wa shekara biyu kuwa, malka ɗaya ta ishe shi.

Ta fuskar imani, fari ya fi samun tsari fiye da ambaliya. Roƙon ruwa sananne ne: liman da jama'a su fita bayan gari, a yi salla, a yi sadaka. Na yawan ruwa bai da irin wannan taro, ko da yake malamai sun san addu'ar da ake roƙon a karkatar da shi zuwa daji da kwaruruwa. Daga tsohon addinin gargajiya kuma an gaji labarin Gajimare, wanda ake dangantawa da bakan gizo a ce shi ke shanye ruwa, da gatarin aradu da ake cewa tsawa ke jefowa, da rantsuwa da kwarankwatsa wadda har yau ba a yin ta da wasa. Ko a sunayen shekaru bambancin ya fito. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta samu suna, Kakalaba, kuma ta zauna a bakin jama'a. Shekarun ruwa mai yawa kuwa, ko sun rushe gidaje, galibi albarkar amfanin gona kan rufe labarinsu.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 aka shata iyakar da ta raba Yekuwa da Magariya daga Zango da Baure da Daura. Da hare-hare suka ƙare mutane suka bazu, ƙauyuka da tungaye suka yawaita. Gyaɗa ta zama abin biyan haraji da samun kuɗi, Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta, aka yi ta sare daji ana faɗaɗa gonaki. Shekarun 1950 su ne mafi ruwa a Sahel cikin ƙarni na 20, tabkuna cike, Korama da ruwa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun san iyakar da ruwa ke kaiwa a kowane kwari, kuma ba su gina a ciki ba.

Daga ƙarshen shekarun 1960 al'amari ya juya. Fari ya kai maƙura a 1973, ya sake dawowa da tsanani a 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta, abin da ya ƙara wa mutanen bakin iyaka ƙunci. Fiye da shekara ashirin ruwa na ƙasa da yadda aka saba. A cikin wannan tsawon lokaci ne aka yi sauye-sauyen da ke da hannu a ɓarnar yau. Jama'a ta ninka: a ƙidayar 2012 gundumar Magariya ta haura mutum rabin miliyan, Dungas kuma, wadda aka ɓalle daga cikinta a 2011, ta haura 350,000. Garuruwa suka gangaro daga tudu zuwa kwaruruwan da suka daɗe a bushe, matasan da ba su taɓa ganin ruwa a wurin ba suka ɗauke su fili kamar kowane fili. An cike kududdufai da shara an yanka fuloti a kansu. Saura ta ƙare, ciyawar baibaya ta yi wuya, sai ɗakin bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da shimfiɗaɗɗen rufi ya zama na kowa, sau da yawa da katanga siririya, ba makuba ba laso. Masu ɗan hali suka koma kwano, wanda iskar gaban hadari kan ɗage gaba ɗaya idan ba a danne shi da duwatsu ba. Wasu suka shafe katangar ƙasa da siminti, wanda idan ya tsage ruwa kan shige bayansa ya ci ginin a ɓoye. Ga kuma cin rani: lokacin da ya kamata a hau soro a yi yaɓe, maza da yawa suna Kano ko Legas ko Libiya, ba su dawowa sai ruwa ya sauka. Ba sakaci ba ne ya jawo wannan, talauci ne da ƙarancin fili. Amma sakamakon ɗaya ne.

Wani abin alheri ya fito daga waɗannan shekaru na wahala. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka fara barin 'ya'yan itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu, suna yi musu aski maimakon sarewa, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo ne ya fi yawa, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Binciken da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka yi a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna cewa kimanin hekta miliyan ɗaya ta farfaɗo a waɗannan gundumomi uku. Manoma sun shaida wa masu binciken cewa a da sai sun yi shuka sau uku ko huɗu saboda iska na binne ta, yanzu kuwa sau ɗaya kan wadatar. Itace ya rage wa iskar hadari kaifi a gona. Abin da bai iya ba shi ne hana ruwa taruwa a inda aka gina gida a kan hanyarsa.

Ruwa ya fara dawowa daga shekarun 1990, amma da sabon hali. Kwanakin ruwan ba su koma yadda suke a 1950 ba, sai dai kowane zubi ya ƙara nauyi. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa haduran da suka fi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Nijar ta ga manyan ambaliyoyi a 2010 da 2012 da 2020. A 2022 kusan mutum 200 suka rasu a faɗin ƙasar, jihohin Maraɗi da Damagaram na kan gaba a asara. Damina ta 2024 ta zarce duka: kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne ke ciki. A farkon Satumban shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya ruguje bayan ruwa mai yawa.

A wannan ɓangare na ƙasar, rushewar gini na cikin manyan abubuwan da ke kisa, ba nutsewa kawai ba. Yakan faru ne da dare, bayan kwana biyu ko uku ana ruwa. Rufin ƙasa ya sha ya ƙara nauyi, gindin katanga ya yi laushi kamar kwaɓi, ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan daga tsakanin azara, sannan gaba ɗaya ya sauko a kan masu barci, galibi mata da ƙananan yara. Shi ya sa a malka mai tsanani iyalai da yawa kan gwammace su kwana a rumfa ko ƙarƙashin leda a tsakar gida. Rumbu ma yakan bi, da ɗan abin da ya rage na bara a cikinsa, a daidai lokacin da sabon hatsi bai nuna ba. Gonakin kwari kuma, da rake da rogo da masara, sukan kwana cikin ruwa har su ruɓe.

Bayan ruwa ya janye sai cuta. Tabkuna da kwatami na haifar da sauro, kuma watannin Agusta zuwa Oktoba su ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magariya tun 2005, sashen yara na asibitin gundumar kuma kan cika maƙil a wannan lokaci. Magariya na cikin wuraren da aka fara raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata da damina, a 2013. Rijiyoyin da ruwan sama ya kwararo musu ƙazanta kuma su ne ƙofar amai da gudawa, kamar annobar 2021 da ta taɓa jihohin Maraɗi da Damagaram sosai.

Tsarin hukuma na tunkarar bala'i a Nijar daga fari ya samo asali. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai an kafa ta a 1974 bayan babban fari, tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa kuma a ƙarshen shekarun 1980, kuma dukansu yunwa suka fi sa wa ido da farko. Sai a 2016 aka kafa ma'aikata ta musamman mai kula da agaji da bala'o'i. A yau ana fitar da hasashen damina tun kafin ta faɗi, gidajen rediyon karkara da wayar salula na isar da gargaɗi, hukumomin gari da hakimai da masu unguwanni na ƙidaya gidajen da suka faɗi domin rabon hatsi da tabarmi da gidan sauro. Hasashen ya fi iya faɗin yadda damina za ta kasance a dunƙule fiye da faɗin garin da hadarin gobe zai sauke nauyinsa, domin gari biyu masu tazarar tafiyar sa'a guda a ƙafa na iya samun ruwa mabambanci ƙwarai a dare ɗaya. Sake gina abin da ya faɗi kuwa har yanzu mafi yawansa a wuyan dangi da maƙwabta yake, da kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa, kuma yakan jira kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, a samu damar buga sabon bulo a bakin tabki.